Ba Mabruka Ce Ta Wanke Akushin Lalla Ba

Mabruka ta rasu.

Da safen nan ɗanta Alhaji Sadik ya bugo min waya, ina zaune da kofin koko a hannu. Ya ce Hajiya ta cika bayan sallar asuba, an sa jana'iza ƙarfe goma sha ɗaya. Bakina yana ta innalillahi, amma wallahi har yanzu zuciyata ba ta karɓi maganar ba.

Daga Allah muke, gare shi kuma za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya.

Ku da kuke bina a Fesbuk kun san halina, tsohuwar malamar makaranta da ba ta iya ganin kuskuren rubutu ta wuce. Na gyara wa da yawanku Hausa a kwamen, wasu har suka yi fushi. To yau kuskurena na zo da shi, kuma ya girmi yawancinku. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, da yatsa ɗaya nake bugawa.

Sama da shekara saba'in muna tare da Hajiya Mabruka.

Ni 'yar Madabo ce, ita kuma gidansu yana can wajen Dandalin Turawa, cikin Larabawan da kakanninsu suka zo fatauci daga arewa suka zauna. A makarantar allo muka haɗu, a shekarun 1950, tun ba a sami 'yancin kai ba. Ranar farko ta ga ina kallon abin da take ci, ta gutsura min rabi ba tare da na roƙa ba. Gurasa ce. Ban taɓa cin irinta ba, mai laushi, da wani ɗan tsami-tsami a ƙarshen harshe.

Daga ranar na zama 'yar gidansu. Kwaɗayi ne ya fara kai ni, ba zan yi muku ƙarya ba.

Yaran yanzu kuna tsammani tun fil azal da alkaki da gireba da gurasa aka halicci Kano. Ina! A lokacinmu tuwo muka sani da fura da ɗanwake. Kayan alkama sai a irin waɗannan gidajen, sai kuma gidan masu hali da suke aikawa a yi musu. Yau ba a kai garar amarya babu alkaki, kowace kwana akwai mai bandashe, amma wasu ne suka ɗauko abin nan daga nesa. Haka sinasir ya biyo Barebari, biredi kuma ya shigo mana ta Sabon Gari. Mabruka takan ce duk abin da ke bakin Bakano, a kan wani baƙo ya shigo gari.

A gidansu, mai gurasar ita ce kakarta ta wajen uba. Lalla muke ce mata.

Lalla tsohuwa ce tukuf, fara, 'yar ƙarama, Hausarta a karye har ta mutu. Tana amarya aka taho da ita daga Tarabulus, garin da ta ce yana bakin teku, tun kafin Nasara su zo. Ba ta sake komawa ba. Abin da ta taho da shi daga ɗakin uwarta shi ne wani abu da suke kira hamira. Kullum in ta yi kwaɓin gurasa sai ta rage ɗan curi ta bar shi a akushi ya kwana, gobe ta zuba sabon gari a kansa, shi ne zai tayar da kwaɓin. Haka ta yi a hanya cikin ayari, haka ta yi a Kano shekara da shekaru. Ba a wanke akushin. Ba a kuma ba wa wani gida ko ɗan kaɗan.

Duk wannan daga baya na fahimce shi. A lokacin ni dai ina jin ana hamira, hamira, kuma Lalla a ɗakinta take kwaɓi, ba ta bari yara su leƙa. A zatona wani abu ne a kwalba, mai ƙamshi kamar turare.

Muna da shekara goma sha uku ko sha huɗu Lalla ta rasu.

Kun san yadda gidan makoki yake. Ba a ɗora tukunya, maƙwabta ne ke kawo abinci, kwanuka su taru tuli. Innata ta ce in je in kama musu aiki, kada in zauna ina zare ido. Ita kuwa Inna mace ce da in ta shafa kwano ta ji maiƙo, sai ka sake wanke dukkan kwanukan gidan. A hannunta na tashi, ni ma na fito da ciwon tsafta.

Rana ta uku da hantsi aka ce a share ɗakin mamaciya. Ni na shiga. A lungu na ga wani baƙin akushi an rufe shi da faifai, an lulluɓe da tsumma. Ina buɗewa wani tsami ya bugi hancina. Gefensa duk ya bushe ya yi ɓawo, tsakiya kuma wani abu yana kumfa. Na ce a raina, kai jama'a, tsohuwa ta yi jinya an bar mata kwano ya ruɓe.

Na kankare shi tas na zuba wa kaji. Na sa toka da soso na dirje shi har hannuna ya yi ja. Na ɗauraye, na kife shi a rana a tsakar gida.

Har daɗi nake ji, wai na yi abin kirki.

Bayan azahar mahaifin Mabruka, Sidi Muftahu, ya shigo daga zaure. Mutum ne mai shiru, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya ce wa matan gidan yana so a yi gurasa da hamirar mahaifiyarsa a raba sadaka. Ƙanwarsa ta shiga ɗakin Lalla ta fito hannu wayam. Sai idonta ya sauka a kan akushin yana sheƙi a rana, ta ɗora hannu a ka.



Sidi ya durƙusa ya ɗauki akushin, ya juya shi, ya shinshina cikinsa. Sannan ya tambaya, a hankali, wa ya wanke.

Ina tsaye a bakin rijiya, gaban zanina a jiƙe. Na sunkuyar da kai.

Sai na ji muryar Mabruka daga bayana: "Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Abin da ya faɗa ina iya maimaita shi har gobe: "Uwata ta ratso Sahara da shi bai mutu ba. Ke kwana uku ya gagare ki."

Bai dake ta ba. Ya shiga turakarsa da akushin.

Daga ranar Sidi bai ƙara cin abin da hannun Mabruka ya taɓa ba. In ta kai masa ruwa sai ya ce a ba wata ta kawo. Yana amsa gaisuwarta, yana yi mata ɗinkin salla kamar sauran 'ya'ya, da lokacin aurenta ya yi ya yi mata komai daidai. Amma bai sake kiranta ta zauna kusa da shi ba, ita da take 'yar lelensa. Shekara uku bayan wankin akushin ya rasu.

Ni kuwa na ci gaba da shiga gidan ina cin abincinsu. Ƙala ban ce ba. Na ce sai gobe, na ce sai ƙura ta lafa, na ce ai yanzu tayar da maganar ba shi da amfani. Na kuma lallashi kaina da cewa wataƙila ba ta san ni ce ba, wataƙila ta ɗauka laifinta ne tunda ita aka bar wa kula da ɗakin.

A dangi suka laƙa mata Mai-wanki. Har jikokinta suna kiranta Hajiya Mai-wanki suna dariya, ita ma ta taya su.

Da ta yi aure ta tare a Goron Dutse, sai ta shiga neman tayar da wata hamirar. Ta kwaɓa garin alkamar fadama da ruwa, ta gwada da nono, ya lalace ta zubar, ta sake. Wata da watanni tana fama har ya kama. Ta ce ba irin ta Lalla ba ce, ba za ta taɓa zama ba, wannan Bakanuwa ce.

Amma ita ba ta ɓoye tata ba. Duk matar da ta yi sallama da ƙoƙo sai ta ɗebar mata, ta zaunar da ita ta nuna mata yadda ake kwaɓi da yadda ake manna gurasa a jikin tanderu. 'Yan'uwanta suka yi ta mita wai ta watsar da sirrin gida. Ta ce abin da ke akushi ɗaya wanki ɗaya ne ke gamawa da shi, ita ta gani da idonta. Na san mata a Kabara da Madabo da suka aurar da 'ya'ya, suka biya wa jikoki makaranta, da abin da suka koya a tsakar gidanta. Ko da yis ya cika kasuwa kowa ya koma kansa, ita ba ta taɓa saya ba.

Kirkinta a kaina ba zai lissafu ba.

'Ya'yana mata huɗu, alkakin gararsu duk ita ta tsaya a kai, kuma in na kawo maganar lada sai ta ce in rufe mata baki.

Da mijina Malam ya rasu, duk tsawon takabata ba ranar da gurasarta ba ta shigo gidana da ɗuminta ba.

Da likita ya ce ina da ciwon suga, ta koma yi min gireba ta daban, ba zaƙi, kamar ƙasa a baki. In ta aiko sai ta haɗo da saƙo wai ga ƙasar nan taki, ki ci lafiya.

Kowace loma da kunya nake haɗiye ta, ita kuwa ba ta taɓa nuna min komai a fuska ba.

Sati uku da suka wuce na je duba ta. Bayan la'asar ne, tana kishingiɗe a falo, ƙafafunta sun kumbura, ta rame ƙwarai. Da na gan ta jikina ya ba ni. Na jira aka ba mu wuri, na matsa kusa da kunnenta, don jin nata ya yi rauni. Na ce, Mabruka, akwai maganar da na riƙe tun muna yara. Akushin Lalla ni na wanke.

Ko gezau ba ta yi ba.

"Na sani, Rabi. Ta taga na hango ki kina dirza. Kafin in fito kin gama."

Na ce to me ya sa, don Allah, me ya sa kika ce ke ce?

Ta ce in da sun san ni ce, da an hana ni shiga gidan, da ƙanwar babanta ta je har Madabo ta ci wa Inna mutunci, ita kuma ba ta da wata ƙawa sai ni. Ta ce ita 'yar gida ce, ta ɗauka Baba zai yi fushin kwana biyu ya huce. Ba ta san abin zai kai haka ba, da ya kai kuma ta ga komawa baya ya zama ƙarya biyu.

Na fashe da kuka, tsohuwa da ni. Na kama hannunta na ce ta yafe min.

Ta ce: "Ke ai tun ranar na yafe miki, ba ki sani ba kika yi." Sai ta kalli silin ta ce: "Baba ne dai. Da zai cika ya kira mu ɗaya-ɗaya ya sa mana albarka. Da aka zo kaina ya riga ya daina magana. Ban san ko ya yafe ba, Rabi. Shi nake tsoron haɗuwa da shi."

Na ce Allah mai rahama ne, ta ce haka ne. Aka kira magariba, ta sa aka ƙulla min gurasa a leda, na tafi.

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Shekara uku Sidi ya yi a raye bayan abin nan. Shekara uku ina wuce shi a zaure ina durƙusawa ina gaishe shi. Kalma uku kacal zan faɗa, Baba ni ce, da ya kira 'yarsa ya ci abincinta. Tsoro ya hana ni, ita kuma ta ɗauki fushin mahaifi a kanta tun tana yarinya har ta tsufa da shi. Wannan nauyin nawa ne, na yarda, kuma abin yana cina.

Alhaji Sadik, da ku sauran 'ya'ya da jikoki da dangin Sidi duk inda kuke, ku ji daga bakina: ba mahaifiyarku ce ta wanke ba. Ni ce, Rabi ta Madabo. Don girman Allah kada wani ya sake kiranta da sunan nan, ko da wasa. In akwai wanda zai riƙe ni a cikinku, yana da gaskiya, ina nan gida, ƙofata a buɗe take.

Ku kuma da kuke karantawa, ba laik nake nema ba, kada ma ku yi min sannu. In kun taɓa cin gurasa a cikin birnin nan, ku ɗaga hannu ku yi wa baiwar Allah nan addu'a, ku sa ta a sujadarku ta yau.

Ya Allah ka jiƙan Mabruka, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka jiƙan Lalla, ka jiƙan Sidi Muftahu. Ni ma ka yafe min shirun da na yi.

Ya Allah, yau ta tafi inda mahaifinta yake, kuma da tsoro ta tafi. Ni na kasa gaya masa. Kai ka sanar da shi ba ita ba ce, ya tarbi 'yarsa.

Ku ce amin.