Kujerun Aro na Yaya Hadiza

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Hadiza. Ina kan keken ɗinki a Kirkissoye maƙwabciyarta ta kira ni, ta ce, "Illa, ƙetaro maza, Hadiza ta faɗi a garka." Kafin in haye gada rai ya yi halinsa.

Mijinta ya riga ta, ya bar mata marayu da ƴar garkar ganyen salati a Gamkalley. Ciwon ƙirji ya kama ta, likita ya hana ta ɗaukar ruwa. A lokacin ne aka ce masu rabon tallafi za su zaga kartiye, wato unguwa, su duba wa ya cancanta.

Yaya ta ji baƙi za su zo, sai ta yi abin da uwarmu ta koya mana a Maradi. Ta share tsakar gida, ta aro kujeru da darduma a maƙwabta, ta ɗaura zanen sallarta, ta dama musu fura da ƙanƙara. Suka zauna, suka sha, suka dubi kujerun. Ɗayansu ya ce, "Hajiya, ai ke Allah ya rufa miki asiri." Ta ce, "Alhamdu lillahi." Me kuke so ta ce? Aka tsallake gidanta.

Na yi mata faɗa, na ce da ta bar gidan yadda yake. Ta ce, "Ƙanena, baƙo ya shigo in zaunar da shi a ƙasa?" Ta koma ban-ruwa da ciwonta.

Yanzu ina jin ana muhawara a rediyo, wai a bar wannan tantancewa, a riƙa bai wa kowa wani abu tsayayye duk wata, ba tambaya, ba leƙen ɗaki. Masu suka na cewa mutane za su zama malalata. Raina yana ɓaci idan na ji. Matar da ta mutu da bokiti a hannu ce za ta kwanta? Da tana samun ɗan abin da ta tabbata zai zo, da ta ɗauki mai yi mata ban-ruwa, ta zauna tana tsinke ganye. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban san inda gwamnati za ta samo kuɗin ba. Abin da na sani, taimakon da sai ka tona asirinka kafin a ba ka, irin su Hadiza ba za su taɓa samunsa ba.

Ƴarta ta fari ta gado ta, ko almuru ka je sai ta shimfiɗa maka tabarma. Na je buro, ofishin masu rabon tallafin, sau da yawa a kan maganar marayun, aka ce za a dawo a sake duba gidan. Har yau ba su dawo ba.