Da mai tsaron gidanmu zuwa Keita

Ana sallame sallar asuba muka bar Madawa, mota cike da magoya baya, ganga a kan cinyar wani, tutarmu ɗaure a saman kaya. Ekip ɗinmu ta ƙwallon ƙafa za ta buga wasan kusa da na ƙarshe na kup ɗin bakans, gasar kofin lokacin hutu, a Keita, bayan la'asar. Ƴan wasa sun tafi tun jiya, ban da mutum ɗaya: mai tsaron gida. Matarsa ta haihu, ya tsaya ya ga lafiyarta, sai aka ba mu amanarsa. Wanda ke maye gurbinsa kuwa ya karye a hannu. In ba mu kai shi ba, ragarmu a buɗe take.

Shofer ɗin motarmu ya zaunar da shi gaba kamar ango. Kusa da ni akwai wani dattijo, tela, wanda tun ba a haife mu ba yake bin ekip ɗin. Shi ya ɗaga mana hankali tun kafin rana ta fito. Ya ce a zamaninsu an taɓa cinye su a Keita ba tare da sun taɓa balo ba, don motarsu ta makara, arbit, alƙalin wasa, ya hura usur ya tafi gida. Har yau in ya tuna, abinci ba ya yi masa daɗi.

Hanyar Buza ta sha ruwa. Gero ya yi kore shar a gefe da gefe, amma ba wanda ya kalle shi. Idon kowa na kan hadarin da ya haɗu a arewa. A tashar Buza muka sha fura da nono, muka sayi cuku wajen wata Buzuwa. Albasa a can ta fi ta garinmu tsada, abin da ya ba mu dariya ta farko, kuma ta ƙarshe a ranar. Mai sayar da esans, man mota, a kwalba ya ji inda za mu, ya girgiza kai. "Ruwa ya kwana yana zuba bisa duwatsu," in ji shi. "Ku yi addu'a."

Kafin Garhanga muka tarar da ƙorama ta kawo. Jan ruwa ne mai ƙugi, yana jan rassan itace, motoci sun yi layi a bakinsa. Muka yi azahar a nan. Kocinmu yana ta kira daga Keita, waya tana yankewa. Inuwa ta fara tsawo, ruwa bai ja baya ba sai kaɗan.

Can sai na ga mai tsaron gida ya naɗe wando, ya ɗaura takalmansa a wuya. Wasu daga cikinmu har suna cewa ya gwada, ai yana da tsawo. Ni ma, gaskiya, ban hana shi ba. Dattijon nan ne ya riƙe masa hannu.

"Ina za ka? Ɗiyarka ko suna ba a raɗa mata ba. A cinye mu. An taɓa cinye mu, ga ni ban mutu ba."

Bai sake shi ba sai da yaron ya zauna.

Da ruwa ya dawo gwiwa, mutanen ƙauyen suka yi sarƙa da hannuwa suka ƙetarar da mai tsaron gidanmu. A ɗaya gaɓar akwai wani mai kabu-kabu a kan babur ɗinsa, sanye da rigar ekip ɗin Keita. Ya dubi yaronmu, ya gane shi, ya ce, "Hau. So muke mu ci ku kana cikin raga, kada gobe ku ce ruwa ya ci ku."

Motarmu ba ta samu wucewa ba sai daga baya. Mun iso fili an dawo hutun rabin lokaci, ba wanda ya ci. Yaronmu yana cikin raga, taɓo har cinya. Ya tare penalti a gabanmu, dattijo ya durƙusa ya kasa kallo. Ana gab da tashi suka zura mana ɗaya. Haka aka tashi.

Mutanen Keita suka ba mu masauki da tuwon gero, suka yi mana tsiya son ransu. Washegari muka biyo hanya, ƙoramar ta zama yashi, har awaki na tafiya a ciki. Ganga ba ta yi kuka ba har Madawa.

Mun sauke mai tsaron gida a ƙofar gidansu, mahaifiyarsa tana tsaye tana jira. A nan na gane abin da na kusa yarda da shi jiya don son ekip. Kup ya wuce mu bana, zafinsa bai bar ni ba. Amma mun maido wa matar nan ɗanta da ƙafarsa, kuma ranar suna dukanmu muna can.