Keken da Kaka Ya Bari a Gida

Babanmu ya tara tsofaffin kekunan soja a saman benen gidanmu na unguwar Jarwal a Makka, har Umma ta rasa inda za ta shanya wanki. Dukkansu koraye ne, koren da ya koɗe, kuma kowanne ya fi buhun shinkafa nauyi. Akwai mai maƙalin bindiga a jikin ƙarfensa, akwai mai jakar fata a ƙarƙashin sirdi, akwai wanda ake naɗewa biyu, wai da shi sojoji ke dirowa daga jirgin sama. Aikinsa tuƙa bas ɗin alhazai ne daga tashar Kudai, amma da ya samu hutu sai haraj, kasuwar tsofaffin kaya, wani lokacin har ta Jidda. Ya dawo baƙi ƙirin da mai, yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma na daɗe ina jin haushin kekunan nan. Mutum da furfurarsa, a garin da duk hawa ne da gangara, ga zafi, wa zai tuƙa su? Amma duk gidan mun san abin da yake nema. Kakanmu, mahaifinsa, ya yi soja a yaƙin Bama kafin ya taso daga ƙasar Katsina ya zo Makka ya zauna. Ba mai yawan magana ba ne, ya kuma rasu Baba yana saurayi. Abu ɗaya Baba ya riƙe daga bakinsa: "Kekena na soja yana gida, na bar wa ƙanena. Da shi na ci abinci a bariki." Baba a nan aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa ƙarfi, bai taɓa taka Najeriya ba. Sai ya zana wa kansa uba a kan keke, da kaki, yana kai saƙo cikin daji. Duk keken da ya saya, sai ya tsaya yana kallonsa ya ce, "Ya binti, 'yata, ƙila irin wannan ne."

Da waya ta sauƙaƙa, muka samo dangin can. Baba ya tambayi ɗan ƙanen Kaka, dattijon da muke kira Baffa, ko keken yana nan. Baffa ya ce yana nan daram, ana ma shafa masa mai, kuma in Allah ya kira shi aikin Hajji bana zai zo da shi. Baba ya ce, "Jirgi zai ɗauka, Yaya?" Baffa ya ce, "Kan kawai zan kawo, ƙafar ta yi nauyi." Baba ya ɗauka taya ake nufi, ya ce babu komai, yana da tayu. Wata guda ya yi yana share wuri a tsakiyar kekunan, ya shimfiɗa darduma, ya hana kowa takawa. Ban taɓa ganinsa da irin wannan ɗoki ba, har na daina tsokanarsa.

Bayan an sauko daga Mina, Baffa ya zo gidan da la'asar, kansa a aske, rungume da wani akwatin katako. Aka gaisa, aka sha shayi, Baba sai leƙen ƙofa yake yi ko sauran kayan na tafe. Da ya gaji ya ce, "Yaya, fen sikal ɗin? Ina keken?" Baffa ya dafa akwatin ya ce, "Ga shi kuwa." Ya buɗe. Keken ɗinki ne baƙi, rubutun jikinsa ya goge. Mu a nan makina muke ce wa wannan, ko Umma ba ta taɓa kiranta keke ba.

Dariya ta taso min, na haɗiye ta da na ga fuskar Baba. Baffa bai fahimci komai ba, ya ci gaba da bayani cikin jin daɗi. Ya ce ai mahaifinka telan soja ne, shi ke ɗinka musu kaki da tanti, da aka sallame shi aka bar masa keken. Ya ce duk ƙauyen babu tsohon da bai sa rigar keken nan ba. Baba ya tambaya a hankali, "Bai hau sikal ba? Mai taya?" Baffa ya ce shi dai bai taɓa ji ba, da ƙafa ma Kaka ya kama hanyar Makka.

Tausayin Baba ya kama ni ƙwarai. Ina kallonsa yana rasa uban da ya riƙe tun yana saurayi, ga kuma baƙo zaune, babu halin ya nuna. Don ya rufe shirun sai ya ce, "To, ya ake tuƙa shi?" Baffa ya gyara zama a kujera, ya haɗa ƙafafunsa a ƙasa, ya fara taka iska, dunduniya da yatsu, dunduniya da yatsu, hannuwansa na tura yadin da babu.

Baba ya ƙura wa ƙafafun ido. Can ya ce, da Larabci tukuna sannan da Hausa, haka Kaka yake yi. In yana zaune bayan sallah, in yana jiran abinci, har a gadon asibiti, ƙafafunsa ba sa tsayawa. "Mun ɗauka ciwo ne," in ji shi. "Har magani muka saya masa."

Baffa ya tsaya. Baba ya ce, "La, a'a, Yaya, ci gaba." Ya sauko daga kujerarsa ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafun, hawaye na bin gemunsa, dattijon kuma ya ci gaba da takawa.