Na Je Sin Ɗauko 'Yar Ƙanena

Mun bar Jarwal, unguwarmu a Makka, ana idar da sallar asuba, ni da maƙwabcina da ya ce shi zai kai ni filin jirgin Jidda. Maiɗakina ta rako ni har bakin lungu, ta miƙo mini ledar dabino da wata 'yar tsana da ta yi kwana uku tana zaɓe a kasuwa. Ita ba ta samu biza ba. Shekara goma sha shida muna tare Allah bai ba mu haihuwa ba, ga shi ranar da za a je ɗauko yarinya ita ce mai zaman gida. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai, "Malam, kada ka dawo mini hannu rabbana."

Ga waɗanda ba su san maganar ba: ƙanena Sadisu ya daɗe a birnin Gwanzu na ƙasar Sin yana sayen kaya yana turo wa 'yan kasuwa. Tasbaha da dardumar da nake sayarwa a shagona ta hannunsa suke zuwa. A can ya auri wata Basiniya Musulma, suka haifi mace, ya sa mata sunan mahaifiyarmu, Hauwa. Uwar ta rasu yarinyar tana da shekara biyu. Bara shi ma ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Kafin ya cika ya bar wasiyya cewa ni zan riƙe ta. Tun daga nan Hauwa tana wajen kakarta ta wajen uwa, can arewacin ƙasar, ni kuma ina tsakanin kafilina, wato Balaraben da ya tsaya mini a Saudiyya, da ofisoshi ina bin takardu, har wata bakwai.

Gwanzu ta tarye ni da zafi mai damshi irin na Jidda. Wani abokin Sadisu, Bakano, shi ya ɗauko ni. Abu na farko da na gane shi ne wayata ta zama kurma. Duk manhajojin da nake gaisawa da gida da su sun ƙi buɗewa. Ya saka mini wasu na can, ɗaya ta biyan kuɗi, ɗaya ta fassara, domin a ƙasar nan ko mai sayar da masara a bakin titi in ka miƙa masa takardar kuɗi sai ya dube ka kamar ka miƙa masa wuri.

Washegari ya kai ni maƙabartar Musulmi. Ya nuna mini kabarin, ya ja baya. An rubuta sunan ƙanena da baƙaƙen da ban iya karantawa ba. Wannan yaron da na goya a Fagge, wanda na koya wa hawan keke, ga shi kwance tsakanin mutanen da ko sunan ɗaya ban sani ba. Na yi masa addu'a.

Abokin nasa ba zai iya barin kasuwa ba, don haka daga nan ni kaɗai na ci gaba. Jirgin ƙasan da na hau yana gudu kamar an harba shi, amma ko ruwan da ke kofi ba ya motsi. Wuni guda muka yi. Gonakin shinkafa suka wuce, duwatsu suka biyo, muna shiga rami muna fita, har ƙasa ta koma ja-ja-ja babu itace. A taragon nan kaf babu baƙar fata sai ni. Wata tsohuwa ta ɗauke ni hoto ba ta ko ɓoye ba, sannan ta ba ni lemo biyu, na ɗauka kuɗin hoton ke nan. Na nemi ruwan sha aka nuna mini famfon ruwan zafi. Su haka suke sha, rani da damina. Na yi salloli a zaune da kiyasi, don kowane lokaci jirgin yana canza fuska. Ban taɓa sanin mutum zai iya yin awa goma cikin jama'a bai ce uffan ba sai ranar.

Na kwana a Lanzhou, da safe na hau mota zuwa Linxia, garin kakar. Sanyi kam ba a magana, rigar da na saya a Makka ina ganin na yi shiri, ashe wasa nake. Amma da muka shiga garin sai raina ya ɗan kwanta. Fararen huluna ko'ina, mata da lulluɓi, masallatai masu rufi mai lanƙwasassun baki kamar na gidajen sarakunansu. Su da kansu suna kiran garin ƙaramar Makka. Na shiga wani shagon taliya, na tsaya ina kallon mai yin ta: ya ɗauki curin ƙulli, ya ja, ya ninka, ya sake ja, kafin ka ce kwabo ya zama zare. Kwano cike da romon naman sa bai kai kuɗin shawarma ɗaya a Jarwal ba. Matsalar tsinkayen nan biyu ne da suke cin abinci da su. Na yi ta fama, taliya tana zillewa, har mai shagon ya ji tausayina ya kawo cokali mai yatsu daga wani lungu, ya goge shi da kyau, alamar ya daɗe ba a nema ba.

Limamin unguwar kakar shi ne tafintana. Ya yi karatu, Larabcinsa na littafi ne, tsaf da wasulansa. Nawa kuwa na kasuwar Makka ne. In na yi magana sai ya ɗan karkata kai, in ya yi magana sai in ji kamar ina gaban malamin nahawu. Da dattawan masallaci suka ji daga inda nake, suka yi layi suna kama hannuna da hannu biyu suna shafa fuska. Wani har da hawaye. Kunya ta kama ni. Ni da nake jin kiran sallar Harami daga ɗakina, wani lokaci in yi sati ban leƙa ba.

Gidan kakar ƙarami ne, da tsakar gida da tulin gawayi a gefe. Ta zaunar da ni a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, irin na masu jego a ƙauyukanmu. Aka kawo shayi a kofi mai murfi, da busassun 'ya'yan itace da dunƙulen sukari a ciki. Al'adarsu baƙo yana ci mai gida yana tsaye, kuma kofinka ba ya taɓa yin rabi. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa da farin lulluɓi, tana tafiya tana dafa bango.

Sai ga Hauwa a bakin ƙofa. Shekararta biyar. Goshin Sadisu ne, da kunnuwansa, har da yadda yake tura leɓe in bai yarda da abu ba. An aske mata gashi gajere, kakar ta ce ya fi ƙarfin matajinta. Na ce, "Hauwa, zo mana." Ta ruga bayan kakarta. Na fito da 'yar tsanar nan, ta karɓa daga nesa, ta juya ta, ta nuna wa liman wani rubutu a ƙafarta. Ya yi dariya ya ce a nan ƙasar aka yi ta. Wato na biya mata kuɗin jirgi ne ta dawo gida.

Kwana tara na yi a garin. Da safe ni da liman da kawun yarinyar muna ofis, a buga wannan hatimi a ce saura wancan. Da yamma in je gidan in zauna. Hauwa ba ta kula ni. Ina komawa masauki in kunna talabijin don in ji murya, ko da ban san me ake cewa ba. Saƙon maiɗakina kullum ɗaya ne: ta saba da kai? Ni kuma in ce ana nan ana yi.

A rana ta shida kakar ta ce a faɗa mini ta fasa ba da yarinyar. Ta yi magana mai tsawo, liman yana juyawa a hankali. Ta ce 'yarta ta tafi, wannan ce kaɗai ta rage mata da ƙamshinta. Ta ce ita ta san ba ta da lafiya, ta san ɗanta yana aiki a wani gari ba zai iya riƙo ba, amma zuciya ba ta jin lissafi. Ban kawo maganar wasiyya ba, ban ga amfaninta ba. Na ce a faɗa mata, "Inna, ni ma abin da ya rage mini na ƙanena ke nan. Amma ba zan fizge ta daga hannunki ba. In kin ce a'a, zan koma." Na faɗa ne ina jin tsoron kada ta ce in koma ɗin.

Kwana biyu ba ta aiko ba, ni ma ban je ba. Na yi ta yawo a bakin kogi ina kallon tsofaffi suna motsa jiki a hankali kamar masu iyo a iska. A rana ta uku liman ya zo da kansa. Muka tarar ta ɗaure kayan yarinyar a zani. Sharaɗinta biyu: kada a bar Hauwa ta manta sunan uwarta, kuma ta riƙa jin muryarta. Na ɗauki alkawari, na ƙara da cewa sunan ubanta za ta ci gaba da amsawa, ni mai riƙo ne kawai.

Ranar tafiya tsohuwar ba ta fito tasha ba. Hauwa ta yi kuka tun daga Linxia har Lanzhou, tana kiran kakarta, mutanen motar suna kallona, baƙon mutum da yarinya mai ihu. Sau biyu 'yan sanda suka duba takardunmu. A jirgin ƙasa ta gaji ta yi barci, kanta ya gangaro kan cinyata. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, ban motsa ba har ta farka.

Mun sauka Jidda da hantsi, kafin azahar muna Jarwal. Maiɗakina ta durƙusa a tsakar ɗaki ta buɗe hannu. Hauwa ta dube ta, ta dubi matan maƙwabta da suka cika gidan suna "Masha Allah, tabarakallah", sai ta kama wandona ta ɓuya a bayana. Ni da ta guje wa kwana tara, yau ni ne wanda ta sani.

Yau sati biyu ke nan. Tana cin abinci kaɗan, ta yarda an yi mata lalle, amma har yanzu ba ta yarda a ɗauke takalmanta daga kusa da ita, ko wanka za a yi mata sai tana ganinsu. Na tafi ina ganin ni ne zan yi wa marainiya alheri. Na dawo na san cewa farin cikin da ya shigo gidana daga ɗakin wata tsohuwa aka ɗebo shi, ita kuma an bar ta da bango. Kaɗaicin da na ɗanɗana na 'yan kwanaki, ina babba, da tikitin komawa a aljihu, shi yarinyar nan take ciki yanzu ba ta san ranar fita ba. Shi ya sa in ta zauna a bakin ƙofa ta yi shiru ba na cewa ta taso. Tabarma nake jawowa in zauna kusa da ita. Ku sa mu a addu'a, ku sa kakarta.