Awon Hannun Yaya

Baba ba maharbi ba ne, ko zomo bai taɓa kashewa ba. Tun da ya bar aiki a sakateriyar Dutse ya ɗora wa kansa haɗa bindigar toka. Bututun da kunamar yana sayo su ne wurin wani tsohon maƙeri a Aujara, a naɗe cikin buhu, sannan ya zauna a zaurenmu na Limawa ya sassaƙa ƙotar da hannunsa. Albarushi zalla ake ɗura musu, a buga ranar ganin wata, ko a kori tsuntsaye daga gero.

Ta huɗun da ya haɗa, da ni aka yi ta. Lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, zaman ya ishe ni. Ni ke danne icen ƙirya yana fafe gurbin bututu. Ni na goge ƙotar da samfefa har fatar yatsuna ta saɓule. Wata uku muna abu ɗaya, Umma tana mita wai tafina ya koma na masassaƙi, ko lalle ba zai kama ba.

Gindin ƙota Baba yake bari a ƙarshe. Ba ya yanke shi sai ya auna hannun mai bindigar, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, don in ya dafa ta a kafaɗa yatsansa ya kai kunama daidai. Wanda aka auna, tasa ce. Ukun farko aminansa ya auna. Wannan kuwa ban ga wanda zai riga ni ba. Har na auna nawa a ɗaki da zare, na ƙulla, na ɓoye.

Ana jibi Sallah yayana ya zo daga Kano, inda yake sayar da waya. Ya leƙo zaure ya gaida Baba, idonsa na kan wayarsa.

"Kai, miƙo hannunka," in ji Baba.

"Na me, Baba?"

"Miƙo dai."

Ina kallo ya ɗora igiya a kan hannun da bai taɓa icen nan ba.

Na ce, "Baba, ni fa na goge ta."

"Na sani, Uwata. Danne min nan in ja layi."

Yaya ya yi dariya. "Ke kuma me za ki yi da bindiga? Samarin za ki kora?"

"Kai da in taya ta fashe sai an nemo ka bayan Umma?"

Baba ya ce mu yi masa shiru. Na danne, ya sa zarto. Guntun da ya faɗo bai kai rabin tafi ba, don Yaya dogo ne.

Kwana uku da Sallah Yaya ya tashi komawa. Baba ya fito da bindigar, ya naɗe ta cikin sabon zane.

Yaya ya ce, "Baba, ina zan kai wannan? A shingen farko za a sauke ni daga mota. A ajiye min ita a nan."

Baba ya tsaya riƙe da ita, bai ce komai ba, har ƙarar babur ɗin da ya ɗauki Yaya ta ɓace. Wallahi har wannan shirun sai da na yi kishinsa. Ni ban taɓa yin abin da ya ɓata masa rai haka ba, don bai taɓa miƙo min abin da zan ƙi ba.

Na ce, "To tunda ba ya so, a rage yatsa uku ta zama tawa."

"An riga an auna," in ji shi. Ya rataye ta a ƙusa. "Ki riƙa shafa mata mai duk Juma'a, kada ya zo ya tarar da tsatsa."

Ina shafawa, ba zan bari wahalata ta yi tsatsa ba. Sallah biyu ke nan Yaya bai ko tambaye ta ba. In na ɗora ta a kafaɗa, yatsana iska yake kamawa.