Gwaggo Lasa, Mai Ɗanɗana wa Iri Ruwa

Ƙarfe bakwai na safe, kafin sauran ma'aikata su iso, Gwaggo ta riga ta shiga gandun renon iri. Tankin ruwa take fara nufa. Ta tsoma yatsa, ta kai baki, ta lumshe ido. In ta gyaɗa kai, a yi ban-ruwa. In ta yamutsa fuska, ko manaja bai isa ya buɗe famfo ba. Shekara talatin da ɗaya tana haka, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa Gwaggo Lasa yake cewa. A takarda kuwa, mai shara ce kawai. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ba wanda ya manta da shekarar da aka haƙa sabuwar rijiyar burtsatse. An shuka irin tumatir tire ɗari biyu, manoma na jiran dashe. Kwana goma, ko ɗigon kore babu. Manaja ya yanke hukunci cewa mai sito ne ya sayar da iri mai kyau ya sauya da matacce. Har an buga takardar kora. Mai sito, uban 'ya'ya shida, ya zauna a kan buhu yana ta rantsuwa, ba mai saurare.

Gwaggo ta jingine tsintsiya ta shiga ofis.

"Ranka ya daɗe, iri lafiyarsa lau. Ruwan ne. Gishirin da ke cikinsa, albasa kawai ta rage a yanka masa ya zama miya."

"Gwaggo, injiniya ya ce ruwan garau yake."

"Ya sha?"



Ta roƙi kwana shida. Ta kwashe farantan shayin manaja guda uku, ta shimfiɗa auduga, ta jera ƙwaya goma-goma daga buhun da ake zargi. Na farko ta jiƙa shi da ruwan tsohon tanki, na biyu rabi da rabi, na uku ruwan burtsatse zalla. Ta dire su a kan teburinsa.

"Kai za ka yi gadi, kada a ce na yi musu tofi."

Haka manaja ya kwana shida yana kulle ofis saboda ƙwayar tumatir talatin, yana shan shayi ba faranti. Ranar da aka taru, na farko tara sun tsiro, na biyu huɗu, su ma a tsugune kamar masu zazzaɓi. Na uku ko motsi.

"Iri sai ya sha ruwa ya kumbura kafin ya fasa," in ji Gwaggo. "In gishiri ya yi yawa, ruwan ba ya shigarsa. Yana kwance cikin ruwa, ƙishi na kashe shi."

Manaja, don ya kare mutuncinsa, ya sa aka ɗebo masa kofi guda ya kurɓa a gaban kowa. Ya daɗe da shi a kumatu yana neman inda zai tofar. Duk da haka sai da ya aika ruwan ɗakin gwaji. Bayan mako uku rahoto ya zo, shafi huɗu. Da aka karanta mata, ta ce, "Duk wannan dogon Turanci, zartsi suke nufi?" Aka yayyaga takardar kora.

A gida kam ana shan fama. 'Yarta ta daina raka ta ziyara tun ranar da surukai suka kawo mata ruwan maraba, ta kurɓa ta ce, "Sha dai a sha, amma kada ku ba wa shuka."

Gwaggo, ke ce kika tsaya wa mutumin da ba ɗan'uwanki ba, alhali tsintsiyarki ma kina iya rasawa. Ke ce kika nuna mana ba a gardama da baki in akwai faranti da auduga. Gonaki da yawa sun yi kore, masu su ba su ma san fuskarki ba.

An sayo na'urar awon gishiri da za ta gaje ki. Mun ga kin tsoma ta a tanki, kin lasa naki, kin dubi lambar, kika ce, "Tana ƙoƙari, yarinya ce."

Mun gode, Gwaggo. Allah ya ba da hutu mai albarka. Mu da muka rage, duk ƙanƙantar kujerarmu, in mun ga za a zalunci wani a kan abin da muka sani, mu buɗe baki mu faɗa.