Jirgin da Aka Zana a Bangon Littafina

Littafina na farko ya iso Bagudo cikin kwali, a saman motar da ta ɗauko taki. Ban iya jira ba, nan tasha na yage kwalin. Sai ga jirgin sama a bango, fari fes, yana keta gajimare. Na ce, "Kai! Wannan kuma na wane ne?" Na duba sunan da ke ƙasa, nawa ne.

Labarin bincike na rubuta. An sace wani ɗan kasuwa a Dole Kaina, ɓarayin suka tsere da shi Benin a jirgi. To mu a wurinmu jirgi ɗaya ne, na katako, wanda ake tuƙawa a gulbi. Shi kuwa mai zanen yana can Kano, ya ga kalmar ya zana abin da ya sani.

Da abin ya tsaya nan da na haƙura. Amma babana mai fito ne, tun kafin a haife ni yake tsallakar da mutane da buhunansu a gulbin Kwara, kuma da shi na kwaikwayi jarumin labarin. Na riga na cika masa baki cewa jirginsa zai shiga littafi. Ba ya karatun boko, bangon kawai zai iya karantawa. Ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini.

"Wanga ba jirginmu na ba," in ji shi. "In kunyar sana'ata kike ji, ai sai ki hwaɗi."

Wallahi maganar ta ƙona ni. Na kira mai maɗaba'ar, wani Alhaji mai sanyin murya da taurin kai, ya ce, "Malama, jirgin sama ya fi jan ido. Ko bugu na biyu haka za mu bar shi."

Ana cikin haka aka gayyace ni taron marubutan labaran bincike da na ban tsoro da na jarumta a Birnin Kebbi, kuma na ji Alhajin zai zo. Zama biyu aka sa ni. Aka yi ta ba ni baki wai kada in ji tsoron manya. Ni da nake tsayawa gaban 'yan aji uku na firamare kullum, wane taro ne zai razana ni?

Zaman safe ya tafi lami lafiya. An tambaye mu yadda ake ɓoye mai laifi har ƙarshen littafi, na yi ta zuba har mai gabatarwa ya fara duban agogo. Na ji daɗin kaina, ba zan ɓoye ba.

Zaman bayan azahar shi ne a kan gaskiya da ƙarya a cikin ƙagaggen labari. Kusa da ni aka zaunar da wani dattijon marubuci, mai littattafai da yawa da muryar da ba ta bukatar lasifika. Ya ɗaga littafina sama don kowa ya gani.

"Ga misali a hannuna," in ji shi. "Ƙauye a bakin iyaka, ko kwalta babu, amma ɓarayi sun tashi a jirgi. Ina filin saukarsa? Yaranmu na yanzu, a riƙa sa wa ƙarya gishiri daidai."

Zauren ya ɗauki dariya. Na hango Alhajina a layi na biyu yana murmushi. Na jawo abin magana gabana.

"Ranka ya daɗe, ka karanta cikin littafin, ko a bango ka tsaya?"

Ya ce ya leƙa.

"To a shafi na tara jirgin nan ya fara yoyo, jarumin ya sa ƙwarya yana kwarfe ruwa. Don Allah, Malam, a jirgin sama na wace ƙasa ake kwarfe ruwa da ƙwarya?"

Dariyar ta juya. Wasu samarin yankinmu daga Lafagu da ke can baya har da buga benci. Ban tsaya ba, tunda an taɓo ni. Na ce abin da mutanen birni ke kira kwalekwale, mu jirgi muke ce masa, kuma kakanninmu suna faɗin haka tun babu wanda ya yi mafarkin ƙarfe zai tashi sama. Na gaya musu yadda ake lodin shinkafa don kada jirgi ya karkata, da yadda mai fito ke gane rami a ƙarƙashin ruwa daga launinsa. Sai na faɗi abin da ban shirya faɗa ba: mutumin da ya koya mini duk wannan ya dubi bangon nan ya zaci na guje shi ne.

Dattijon mutumin kirki ne ashe. Ya ce, "'Yata, na ci gyara. Wa ya buga littafin nan?"

Na dubi layi na biyu, duk zauren ya bi idona. Alhaji ya gyara hula, ya ce ai dama suna da niyyar sake bangon. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji, kowa ya ji."

Bugu na biyu ya fito bayan damina, da jirgin katako a bango. Na sami Baba a bakin gulbi yana jiran jirginsa ya cika, na miƙa masa. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Mai tuƙin ga bai iya ba," in ji shi. "In ya zauna haka, kihewa za su yi."

Sannan ya juya wajen matan da ke cikin jirgin da kwandunansu, ya ɗaga littafin sama.

"Ku matsa mata wuri. Ɗiyata ta, ita ta rubuta mu."